Jan Alli a Bakin Gota

Keken ɗinkin ne ya fara tsayawa. Tun da na shiga lungun da safe nake jin ƙararsa a bayana, har na daina lura da shi kamar yadda mutum yake daina jin fankar ɗakinsa. Ina tsaye a ƙofar wani gida mai shuɗin bango, na ɗaga hannu na ja zane na biyu a kan na farko, sai ƙarar ta yanke. Ba irin tsayawar da tela yake yi don ya juya yadi ba ce. Na jira ya ci gaba, bai ci gaba ba. Matar da ke suyar ƙosai a bakin gada ta bar ƙosan a cikin mai tana kallona, har ƙauri ya fara tashi. Wani mutum da ke wucewa da buta a hannu ya ajiye butar, ya ciro waya ya ɗauki hoton bangon. Ni kuwa ban san abin da na yi ba.

Bari in faɗi abin da ya kai ni wurin. Ni 'yar unguwar Maamobi ce a Accra, ta can sama. Da na gama sakandare na zauna gida ina taya Mma, mahaifiyata, sayar da atamfa. Sai aka ce ofishin gwamnati da ke tattara alƙaluman jama'a yana neman matasa masu jin Hausa da Turanci, za a yi aikin ƙirga gidaje da mutanen cikinsu. Na nema, aka ɗauke ni. Aka tara mu a wani otal a Adabraka, a ɗaki mai sanyin da sai da na riƙa zuwa da mayafi biyu, aka ce za a mayar da mu ƙwararru.

Mai koyar da mu wani Dokta ne, siriri, mutumin kirki, wanda yakan manta da abincinsa har ya huce saboda bayani. Kalma ɗaya ce a bakinsa daga safe zuwa yamma: inganci. Yakan ce gwamnati ba ta iya gina asibiti ga mutanen da ba ta san suna nan ba. Har yau ina ganin gaskiya ya faɗa, kuma da zai sake koyarwa da na sake zama. Ya ba mu labarin wani aiki da aka yi a baya, inda aka yi wa gidaje lamba da farin alli, ruwan sama ya zo ya wanke, masu zuwa daga baya suka ƙirga wasu gidaje sau biyu, wasu kuma ko sau ɗaya. Yana faɗi kamar mai ba da labarin mutuwa. Don kada a sake, an sayo mana wani alli mai maiko wanda ruwa ba ya cinsa. Saura kala. Shi kuwa Dokta ba ya zaɓen abu da ka, sai an gwada. Aka fitar da mu bayan otal, aka jera bulo da katako da kwanon rufi da wani shafaffen allo, aka zana kowace kala a kan kowanne, muka ja baya muna dubawa. Baƙi ya ɓace a tsohon katako. Rawaya ta ɓace a bulo. Shuɗi ba ya fita a shuɗin bango, rabin gidajen Zongo kuwa shuɗi ne. Ja ne kaɗai aka gani ko'ina. Muka tafa masa. Ni ma na tafa, hoton yana nan a wayata, ina gaba-gaba ina dariya.

Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Idan ka isa gida ka rubuta lamba, ka ja zane ɗaya a karkace. Idan ka gama tambayoyi ka ja na biyu ya gitta na farko, don mai duba aiki ya san ka shiga ka fito. Sunanta alamar kammalawa, har a jarrabawa an tambaye mu, na kuma ci.

Akwai wasu dokokin. Ba a tura mutum unguwarsu, don kada ya cike wa maƙwabta amsa da ka. Ba a faɗin gidan da aka fito ko sunan iyaye, katin wuya ya isa shaida. Ba a yin bayani da bakin kai, akwai gabatarwa a rubuce cikin na'urar tabulet da aka ba mu, a karanta ta yadda take don kowane gida ya ji abu iri ɗaya. An kuma shirya a je a gaida sarakunan unguwa da limamai kafin a fara, amma ranar ta haɗu da bikin ba mu takardar shaida, sai aka ɗaga gaisuwar zuwa wani mako. Aikin dai ba a ɗaga shi ba.

Haka aka tura ni ƙasan unguwar Nima, lungunan da ke bin bakin babbar kwatar nan da muke ce wa gota, inda ba wanda ya san ni, kamar yadda doka ta so.

Duk wanda ya tashi a Accra ya san abin da jan gicciye yake nufi a jikin bango. Na sha ganinsa ta tagar tirotiro, motar haya, a jikin ƙananan shagunan katako da kwantena da gidajen bakin ruwa, in an kwana biyu kuma a wuce a ga an rushe, sai fili. Amma horon ya kama ni sosai. Tun safe nake bin gidajen bakin gota ɗaya bayan ɗaya ina zana musu jan gicciye, babba, daidai tsayin ido kamar yadda aka koya mana, kuma abin da nake gani kawai shi ne alamar kammalawa. Har juyawa nake ina kallon jerinsu a bayana ina jin daɗin yadda suka fito tsaf.

Telan ya fito daga shagonsa, wani dogo mai furfura a gemu, da almakashi a hannu. Daga baya na gane mantawa ya yi bai ajiye ba. A lokacin almakashin kawai nake gani.

"Kai, yarinya," ya ce. Hausarmu ta Zongo ba ta cika tsayawa raba mace da namiji ba, balle rai a ɓace. "Wa ya aiko ka?"

Na yi abin da aka koya mini. Na buɗe na'ura na fara karanta masa gabatarwa: ni jami'ar tattara bayanai ce, an zaɓi yankinku, duk abin da za ka faɗa mini sirri ne.

"Sirri," ya ce. Ya nuna bangon da almakashi. "Shi ne sirrin ka rubuta da ja, ana hango shi daga unguwar Alajo?"

Kafin in nemo amsa a cikin na'ura, mata sun fara fitowa. Su ne waɗanda na shiga gidajensu da safe, suka ba ni kujera, wata har ta miƙo mini koko na ƙi sha saboda doka. Yanzu kowace ta fito ta ga abin da na bari a ƙofarta, ta kuma tuna tambayoyin da na yi mata.

"Ni ta tambaye ni gidan namu ne ko haya."

"Ni bangona ta ƙwanƙwasa, wai bulo ne ko katako."

"Ta ce yaushe aka yi ginin."

"Ta tsaya a ƙofata ta ɗaga abin nan sama, tana nuna wa na sama inda muke."

"Ni cewa ta yi ina muke zubar da ruwan wanka. Na ce gota. Ta rubuta." Mai maganar ta dafe kai. "Da bakina na faɗa mata."

Ina jin su, ni kaina na fara zargin kaina. Babu tambaya ɗaya a ciki da mai shirin rushe gida ba zai yi ba.

Samarin da ke zaman shan shayin ataya a bakin gada suka taso da ƙananan kofunansu a hannu. Lungun ƙarami ne, mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace, nan da nan ya cika gaba da baya. Gefe ɗaya bango, gefe ɗaya gota, mai zurfi, da baƙin ruwa a ƙasa. Wani ya ce a jefa na'urar ciki. Wani daga baya ya ce a haɗa da mai ita. An yi dariya, amma ba kowa ya yi ba. Aka fizgi falmaran ɗin aiki mai ƙyalli da ke jikina ta baya, na ji ɗinkin kafaɗa ya ɓarke. Na rungume na'urar a ƙirji da hannu biyu, don an ce mu kula da ita kamar ranmu, kuma ba a faɗa mana abin da za mu yi ba idan ya zama sai an zaɓi ɗaya.

Sai ƙofar shuɗin gidan ta buɗe a bayana, wani hannu mai tauri ya kama wuyan hannuna ya ja ni ciki. Mai gidan ce, wata Hajiya tsohuwa da na gama yi wa tambayoyi yanzun nan. Ta saka sakata, ta tura ni ɗakinta.

Na fara yi mata godiya ina kuka. Ta ce, "Riƙe godiyarki. Ba don ke na yi ba. Jan da kika shafa mini a ƙofa ya isa, ba na son a ƙara da jini."

Ɗakin yana da duhu da ƙanshin turaren wuta. Ɗazu na zauna a cikinsa na rubuta yawan masu kwana da irin daɓen ƙasa, amma ban ga abin da na gani yanzu ba, don babu gurbinsa a tambayoyin. A bayan ƙofa akwai manyan jakunkuna a ɗaure da igiya, an ɗora ɗaya kan ɗaya, ƙura ta kwanta a kansu. Ta ga ina kallo.

"Tun wancan karon ban kwance su ba," ta ce. "Lokacin da aka zo faɗaɗa gota. Ja ya fara zuwa, bayan ja katafila. Nawa ya tsira da taku kaɗan. Telan nan da kika gani, shagonsa na da ya tafi, ɗakin uwarsa ya tafi. Tsohuwar aka kai ta wurin dangi a bayan gari, ba ta daɗe ba. To ke kuma kin zo da safe da murmushinki."

Na rantse mata ƙirga ce kawai. Ta ce su ma waɗancan sai da suka ƙirga.

Na kira shugaban tawagarmu, wani mutum mai haƙuri da ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ya ce kada in motsa, ga shi nan. Ya kuwa cika alkawari. Ya zo cikin farar motar ofis mai lambar gwamnati, ya tsaya a bakin titi, ya fito da falmaran irin tawa da takarda mai hatimi a hannu. Ina daga cikin ɗaki na ji lungun ya ɗauka gaba ɗaya: ga motar ta zo. Sai gudu, sai ƙarar ƙofofi, wata mata tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Wani abu mai nauyi ya faɗo a kan kwanon rufin da ke samana, na durƙushe a bayan gado ban san na yi ba.

Shugaban tawagar ya kira ni, yana haki. Ya ce ya ja da baya zuwa gidan mai, zai nemo asambuliman, wato kansilan yankin, in bai same shi ba zai kawo 'yan sanda. Ya ce in kwantar da hankalina. Sannan ya ce, ko na samu na tura aikin safe kafin abin ya faru? Ban riƙe shi da wannan ba. Shi ma horo ɗaya muka sha.

Hajiya ta ji kalmar 'yan sanda ko da yake da Turanci aka faɗa. Ta ce, "Gaya masa in ya shigo da su lungun nan, ni ma ba zan iya riƙe ƙofar nan ba." Na gaya masa. Ta jawo kujera ta zauna a gabana, gwiwa da gwiwa, kamar yadda na zauna a gabanta ɗazu.

"'Yar wa ce ke?"

Na ɗago katin wuyana.

"Wannan fuskarki ce. Fuskarki tana gabana. Na ce 'yar wa ce."

A nan na karya doka, na kuma karya ta da sauri. Na faɗi mahaifina, direba ne, ya rasu ina ƙarama. Ba ta san shi ba. Na ce Mma tana sayar da atamfa a Maamobi. Ta ce rabin matan Maamobi atamfa suke sayarwa, sauran rabin suna saye. Na faɗi malamin da ya koya mana Alƙur'ani. Ta ce Allah ya ji ƙansa, kowa ya yi karatu a wurinsa, har ɓarayi. Na faɗi masallacinmu, na faɗi mai waken da ke bakin gidanmu. Tana girgiza kai kamar mai duba aiki.

Can na ce kakata, uwar Mma, ita ke wankan gawar mata a wajenmu.

Ta tsaya. "Gajeriya, mai jan ƙafar hagu?"

Na ce ita.

"Wadda in an ba ta sabulun da ya rage sai ta mayar?"

Na ce ita ce.

"Ita ta wanke ƙanwata." Ta daɗe tana kallona, kamar tana neman tsohuwar a fuskata. "Kowa yana iya cewa jikarta ce. Kira ta."

Kaka ba ta riƙe waya. Na kira Mma, ban gama bayani ba ta fara salati tana kuka. Sai na ji an karɓe wayar, muryar Kaka ta fito a bushe. Ba ta tambayi ko na ji ciwo ba. Ta ce, "Wane lungu?" Hajiya ta karɓa ta kwatanta mata, suka tsaya suka gaisa a tsanake, har da tambayar ciwon gwiwa, ni kuma ina zaune ina jin ana bubbuga ƙofar waje da tafin hannu.

Jiran ne ba na son tunawa. Aka kira azahar, lungun ya ɗan lafa, amma ta ƙasan ƙofa ina ganin ƙafafun waɗanda suka tsaya gadi. Hajiya ta ba ni ruwa na yi alwala. Na tayar da salla, a tsakiya na rasa ko raka'a ta nawa nake, ni da gwamnati ta ba takardar shaidar iya ƙirga. Na sake daga farko, na sake ɓacewa. Daga waje kuma ina jin ana goge bango. Wasu sun kawo bokiti da omo da burushi suna ta dirza. Wani ya ce ba ya fita. Wani ya ce an zuba ruwan zafi ma bai fita ba, lallai wannan na gaske ne, ba irin na da ba. Allin Dokta ya yi duk abin da aka saye shi ya yi.

Ban ga isowar Kaka ba, ji na yi. Hayaniyar ta riƙa mutuwa daga bakin gada tana matsowa, ana ta "sannu Kaka", "sannu da zuwa Hajiya". Ba ta yi sauri ba. Kowace ƙofa sai ta tsaya ta yi sallama, ta tambayi mutanen gida, ta yi wa wata ta'aziyyar da ta ce ta makara da ita. Da ta iso ta ce a fito mata da ni.

Na fito ina shirin faɗawa jikinta. Ta ɗaga sandarta ta tsayar da ni. Ta dubi jan gicciyen da ke bangon Hajiya, ta bi jerinsu da ido har ƙarshen lungu, sannan ta juya ga jama'a.

"Wannan tawa ce," ta ce. "Ba zan ɓoye ba, ko da yake da an ba ni zaɓi yau da na ɓoye. Mun hana kanmu mun kai ta makaranta, ashe zanen bango aka koya mata."

Wani ya yi dariya ya haɗiye.

Ta juyo kaina. "Ke, marar kunya. Wa kika gaida kafin ki shiga lungun mutane? Liman? Mai unguwa? Magajiyar mata?"

Na ce a hankali an ɗaga gaisuwar.

"An ɗaga gaisuwa. Kun ji ko? Gaisuwa ce ake ɗagawa yanzu." Ta matso. "Kin shiga ɗakin matan aure kin tambaye su mutum nawa ke kwana a ciki. Ni da nake shiga ɗakunan nan ranar da babu sauran abin ɓoyewa, ban taɓa tambaya ba. An ba ki koko kin ƙi, ke 'yar gwamna. Sannan kin fito kin shafa wa mutane abin da ya fi zagi a ƙofa."

Ban san wa ya ba ta labarin kokon a hanya ba. Ta sunkuya da ƙyar, ta cire silifas ɗinta na dama, ta sauke mini a kafaɗa, daidai inda falmaran ta yage. Ba na wasa ba ne. Tun ina ƙarama ba ta taɓa dukana ba, kuma zafin da na ji bai kai mamakin ba. Ta sake ɗagawa.

Mai ƙosai ce ta fara shiga tsakani, da hannunta duk mai. "Haba Kaka, aiko ta aka yi."

"Bar ni da ita. Ku kun yi haƙuri da yawa, da ni ce da tuni tana cikin gota."

"Subhanallahi, Kaka, wa zai jefa 'yar mutane a gota?" Wanda ya faɗi haka, ina kyautata zaton muryarsa ce na ji ɗazu daga baya.

Wadda ta ba ni koko ta riƙe hannun Kaka. Wata ta jawo ni bayanta tana gyara mini mayafi, tana cewa yaran yanzu ba su san komai ba, manyan da suka ba ta abin ne ba su da hankali. Kaka tana ƙara zagi, su suna ƙara ba ta haƙuri, har ya zama ita kaɗai ce a lungun take son a hukunta ni. Telan ya matso, babu almakashi a hannunsa yanzu. Ya ce, "Ya isa, Kaka. Don Allah mayar da takalminki."

Ta mayar, tana huci. Ta ce da ni, "To faɗa musu. Da bakin gidanmu, ba da bakin akwatin nan ba. Za a rushe ko ba za a rushe ba?"

Na faɗa musu yadda zan faɗa wa Mma. Na ce ƙirga ce, don a san yawan mutane da irin zaman da suke yi. Na ce alamar tana nufin na shiga na yi tambaya na fito, kuma an zaɓi ja ne don ana ganinsa. Da na faɗi wannan na ƙarshen, ni kaina na ji yadda ya fito.

Telan ya ce, "Ka rantse ba za a rushe ba?"

Na so in rantse, da na huta. Amma Kaka tana tsaye. Na ce ba zan iya rantsuwa a kan abin da masu birni za su yi wata rana ba, ban san su ba. Abin da zan rantse a kai shi ne wannan jan ba nasu ba ne.

Ya gyaɗa kai a hankali. "To na yarda. Amma ran da direban katafila zai zo wani aiki a bakin gotan nan, ya ga ja a bangona, zai sauko ya tambaya na wane ofis ne?"



"Sai a goge," in ji Kaka. "Wadda ta shafa ita za ta goge."

Wani makaniki ya ce abin maiko ne, kananzir ne maganinsa. Aka kawo kananzir a kwalbar lemo da soson ƙarfe. Na ajiye na'urar a cinyar Kaka, wadda aka kawo wa benci da ruwan leda da ƙosai a takarda, na koma gidan farko na fara. Jan ba ya fita gaba ɗaya. Yana narkewa ya bazu ya zama wani faffaɗan tabo kalar hoda, amma ba ya kama da gicciye kuma, wannan ya wadatar da kowa. Ina gogewa, soson yana cin yatsuna, masu gida suna tsaye suna nuna mini inda na bari. Wata ta ce tunda na zo in haɗa da zanen da jikanta ya yi da gawayi. Na haɗa. Shugaban tawagarmu ya kira yana cewa ya samo asambuliman, suna hanya. Kaka ta sa aka gaya masa su zo a ƙafa, ya kuma cire rigar ƙyallin nan.

Har yau ba na jure warin kananzir, kuma ba na iya tsayawa a lungun da babu mafita ta baya. Mma ta ce zai wuce. Bai wuce ba tukuna.

Bangon telan ne na ƙarshe, don shi ya ce a bar nasa sai an gama na mata. Rana ta karkata, ladan yana gyara lasifika don la'asar. Yana tsaye a kaina har na gama, ya sa yatsa ya shafa wurin, ya duba yatsan.

"Abin da aka faɗa maka da safe," ya ce, "kada ka kai wa manyanka haka. Rabi ƙarya ne. Mun ɗauka na haraji ne, kowa ya rage mutanen gidansa. Matata ta ɓoye maka surukaina duka. In da gaske asibiti za a yi da shi, ka dawo ka sake tambaya. Ka fara da liman."

Na ce to.

Ya dube ni, ya karɓi kwalbar daga hannuna. "Daina jin tsoro. Tafi gida. Babu mai taɓa ka a lungun nan, yau ko wata rana. Ni na faɗa."

Na zauna a kan simintin bakin gota, na kifa kai a gwiwa. Kaka ta taso daga benci da sandarta, ta tsaya a gefena, ta ɗora hannu a kafaɗar da ta doka, ta bar shi a wurin har aka tayar da salla.